Hayaƙin Soda da Warin Kayan Lantarki: Yadda Mai Gyara Zai Tsare Ƙirjinsa

Duk wanda ya ratsa Tip Toe Lane a Circle, cikin Accra, da rana tsaka ya san warin nan, wani ɗan ƙauri mai zaƙi-zaƙi da ke tashi daga teburan masu gyaran waya ya gauraya da hayaƙin trotro. Shi ne dai ke cikin kontenonin masu gyaran rediyo da talabijin a Nima da Maamobi da Sabon Zango, shi ne kuma a ɗakin ɗalibin da ke haɗa amfilifaya ko fitilar caji a gefen katifarsa bayan isha'i. Masu aikin sun saba da shi har sun daina jinsa. In ka tambaya sai a ce maka hayaƙin dalma ne, a sha madara da yamma ta wanke shi. Duka biyun ba haka ba ne, kuma saboda wannan fahimtar mutane suke gadin ƙofar gaba alhali ɓarawon ta taga yake shigowa.

Fara da sanin abin da ke tashi

Zaren soda na gargajiya, wato zaren ƙarfen da ake narkarwa a liƙa kayan lantarki, wanda za ka ga an rubuta 60/40 ko 63/37 a jikin naɗinsa, haɗin kuza ne da dalma. Yana narkewa tsakanin digiri 183 da 190 a ma'aunin Selsiyus. Dalma kuwa ba ta tafasa sai zafi ya haura digiri 1,700, kuma bakin ayan ɗinka, wato ƙarfen narkar da soda, ko ya yi zafin hauka bai kai ko kusa da nan ba. Don haka farin hayaƙin da ke murɗawa sama da zarar zare ya taɓa ayan, dalmar da ke cikinsa ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ke ƙonewa fulas ne, wanda aka cusa a tsakiyar zaren, da wanda kake lakatowa daga gwangwani ko sirinji kana shafa wa bod, wato allon da ake jera kayan cikin na'ura.

Yawancin fulas na aikin lantarki daga rozin ake yinsa, wato ƙaron itacen fayin. Aikinsa ya cinye dattin da ke kan tagulla don soda ta kama. In ya sha zafi sai ya farfashe ya zama ƙananan ƙwayoyi masu danƙo da iskoki masu yaji, kuma waɗannan ne ke sauka har cikin huhu. A Birtaniya an daɗe da lissafa hayaƙin rozin cikin manyan abubuwan da ke jawo wa ma'aikata asma, har hukumarsu ta lafiyar ma'aikata ta ƙayyade kada ya wuce miligiram 0.05 a kubik mita ɗaya na iska a aikin awa 8. Wannan adadi ƙanƙane ne ƙwarai. Mutumin da ya sunkuyar da fuska kan bod a kontena mai ƙofa ɗaya yana iya wuce shi ba tare da ya sani ba.

Muguntar rozin ita ce ba lallai ya nuna kansa da wuri ba. Wani zai yi shekaru yana shaƙa lafiya lau, sai wata rana jikinsa ya ɗauki abin a matsayin maƙiyi. Daga ranar, ɗan kaɗan ma ya isa ya toshe masa numfashi, kuma galibi ba a komawa yadda ake a da. Mai sana'ar da ya kai nan yana iya rasa sana'ar ɗungurungum.

To ina dalmar take? Tana hannunka. Tana kan tebur, cikin ɗan burbushin da ke faɗuwa in ka goge bakin ayan, cikin ƙurar da kake sharewa da yamma. Ta baki take shiga. Haɗari biyu ke nan mabambanta, kowane da hanyarsa: hayaƙi a kore shi kafin ya iso hanci, dalma a wanke ta kafin ta isa baki. Yawancin matakan da ke tafe a kan waɗannan biyun suke.

Mataki na ɗaya: rage hayaƙin tun daga bakin ayan

Ayan mai araha, irin wanda ake sokawa a soket kai tsaye babu abin daidaita zafi, ba ya tsayawa a wuri ɗaya. In ka bar shi a jone yana iya haura digiri 400. Alamarsa ba ta ɓuya: bakin ya yi baƙi, fulas yana ƙonewa fat ɗaya kafin ya yi aikinsa, sai ka ƙara lakato wani, hayaƙi ya ninka. A ganina kuɗin farko da mai gyara zai kashe don lafiyarsa ya tafi kan ayan mai daidaita zafi. Da zare mai dalma, digiri 320 zuwa 350 ya ishi yawancin aiki. In soda ta ƙi narkewa a kan babban wuri, kamar ƙafar tiransifoma ko inda tagulla ke da faɗi, kada ka murɗa zafi sama. Sauya baki mai faɗi wanda zai kai zafin da sauri. Siririn baki mai tsananin zafi shi ne uban hayaƙi.

In ba ka da halin sayen wannan tukuna, ka riƙa zare ayan daga wuta tsakanin aiki da aiki, kuma kada ka bar shi kwance cikin ragowar fulas yana ta turnuƙewa kana hira da kwastoma.

Sai zancen zare marar dalma. Tun 1 ga Yulin 2006 Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da dalma a kayan lantarki, shi ya sa kusan duk wayar da za ka buɗe yau da soda marar dalma aka haɗa ta. Wadda aka fi amfani da ita, haɗin kuza da ɗan azurfa da tagulla, sai wajen digiri 217 zuwa 220 take narkewa. Tana son ƙarin zafi, tana son fulas mai ƙarfi. Wato ta fi alheri ga jininka da na 'ya'yanka, amma hayaƙinta bai fi na tsohuwar sauƙi ba, sau da yawa ma ya fi yawa. Kada rubutun da ke jikin naɗin ya sa ka saki jiki.

Fulas kuma a shafa daidai buƙata. Yaran shago suna son ambaliya da shi a kan bod kafin su ɗora bulowa, na'urar hura iska mai zafi, don sun ga ana yi a bidiyon YouTube. Duk abin da ya wuce ƙafafun abin da za ka cire, hayaƙi kawai zai zama. Kuma ka nisanci fulas na masu gyaran lagireto da masu haɗa bututun ruwa, wanda ake yi da sinadarin zinki kulorayid. Hayaƙinsa asid ne mai ƙona hanci da maƙogwaro, ragowarsa kuma tana cin tagullar bod bayan 'yan watanni.

Mataki na biyu: gyara zamanka

Tsaya gefe ka kalli yaro yana soda. Bod a kan tebur daidai ƙirjinsa, ya sunkuya har haɓarsa ta kusa taɓa hannunsa, hayaƙi mai ɗumi yana miƙewa sama tsaye, hancinsa kuma yana daidai kan hanyarsa. Ɗumin jikin mutum ma yana jan iska sama ta gaban ƙirji zuwa fuska, shi ya sa za ka ga kamar hayaƙin yana binka duk inda ka kauce.

Tura aikin gaba kamar tsawon tafin hannu, ka ɗaga shi da wani katako ko maƙalin bod, ka zauna a miƙe. Yawancin sunkuyon rashin haske ne ke jawo shi, saboda haka sa fitila mai kyau a kan teburin, da madubin ƙara girma mai tsayawa da ƙafarsa. Mai aiki da maikuroskof ya riga ya sami ɗan nisa, amma hayaƙin yana bin jikin na'urar ya hau, don haka shi ma yana buƙatar mataki na gaba. Gilashin ido ma ba ado ba ne: fulas yana tartsatsi, kuma in kana zare waya daga tsohuwar soda tana iya fallatso maka narkakken ɗigo.

Akwai dabarar tsofaffin masu gyaran rediyo ta fitar da numfashi a hankali daidai lokacin da zare ke narkewa. Tana taimakawa a ƙafa biyu ko uku. Ba ta yi wa mai yini yana aiki komai ba.

Mataki na uku: ba hayaƙin hanyar fita

Nan ne ainihin aikin, kuma nan aka fi yin kuskure. Fankar sama ba ta fitar da komai, juya hayaƙin kawai take ta raba wa kowa da ke ɗakin. Fankar tsaye a bayanka ma ba ta da amfani, don iska in ta bugi bayan mutum sai ta kewayo ta yi ɗan guguwa a gabansa, ta ɗebo hayaƙin ta kawo fuska. In fanka ce kawai gare ka, ajiye ta a gefe, a lamba mafi ƙanƙanta, ta riƙa tura iska daga hannun dama zuwa hagu ko akasin haka, ta nufi ƙofa ko taga a buɗe. Ka duba kada wani ya zauna a wancan gefen.

Abin da ya fi shi ne zuƙewa, kuma za ka iya haɗa na'urar da kanka a yammaci ɗaya. Nemi fankar kwamfuta mai faɗin milimita 120 mai aiki da bolt 12, irin ta cikin tsohuwar kwamfutar tebur, da adafta mai bolt 12 ta tsohuwar dikoda ko rauta, da kwali mai ƙarfi ko bokitin roba mai murfi, da tiyo mai faɗin kamar inci 4, da salatif mai kauri.

Yanke rami a bayan kwalin daidai girman fankar ka ɗaure ta. A gefen fanka akwai 'yar kibiya mai nuna inda iska ke bi, in babu kuma, iskar tana fita ne ta ɓangaren da sitika da sandunan roba suke. Wannan ɓangaren shi zai kalli waje. Gaban kwalin a bar shi a buɗe ya kalli aikinka. A bayan fankar ka haɗa tiyon, ka liƙe duk wata kafa da salatif, ka fitar da bakinsa waje. In taga mai luba ce, cire gilashi ɗaya ka maye gurbinsa da falanki mai rami. In kontena ce, mai walda zai huda maka a bangon baya cikin 'yan mintuna, ka sa raga saboda ɓera da sauro. Tiyon ya zama gajere kuma miƙaƙƙe iya yadda zai yiwu, domin fankar kwamfuta ba ta da ƙarfin tura iska ta doguwar hanya mai lanƙwasa. In dole sai ya yi tsawo, sa fanka biyu a jere ko ka nemi irin mai kama da katantanwa.

Yanzu abin da mutane ba sa yarda da shi sai sun gani: zuƙa ba ta da dogon hannu. Fanka tana iya hura iska ta kai ƙarshen ɗaki, amma ta ɓangaren zuƙa, da ka matsa nisan faɗin bakinta sau ɗaya, ƙarfin ya ragu zuwa kamar kashi ɗaya cikin goma. Saboda haka bakin kwalin ya kasance santimita 10 zuwa 15 daga inda ayan ke taɓa bod, a baya ko a gefe, ɗan sama kaɗan. In ka ajiye shi can ƙarshen tebur don kada ya tare maka wuri, ƙara kawai kake saye da kuɗin wuta.

Gwada shi da turaren tsinke. Kunna ɗaya ka riƙe daidai inda kake soda. In hayaƙin ya karkata ya shige kwalin, ka dace. Matsa da shi baya kaɗan-kaɗan har ka ga inda ya daina karkata ya miƙe sama, ka ja layi a kan teburin da alƙalamin maka. Aikinka kada ya tsallake layin. Sake gwajin da fankar ɗaki a kunne, don wani lokaci ita ce ke ƙwace hayaƙin daga bakin kwalin. Bayan 'yan makonni ka buɗe ka shafa fukafukan fankar da yatsa. Za ka ji wani danƙo ruwan ƙasa mai kama ƙura, mai warin fulas. Nuna wa yaran shago, ya fi dogon wa'azi.

Iskar da ka fitar dole wata ta shigo ta maye gurbinta, don haka bar ƙofa ko wata taga a ɗan buɗe a ɗaya gefen. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ana rufe ko'ina saboda ƙura, kuma a lokacin ne shaguna suka fi turnuƙewa. Sannan ka duba inda bakin tiyon ya kalla. A lungunan Nima taga tana kallon taga, kuma ba daidai ba ne ka tsira da ƙirjinka ka aika wa Hajiya mai waakye ko ɗakin da jariri ke kwana. Ɗaga bakin sama ya wuce tsayin mutum.

Shago mai na'urar sanyaya ɗaki, rufe ruf, shi ne ya fi kowanne haɗari duk da ya fi kyan gani, don iskar ciki ɗaya ce take ta zagayawa. In ba halin huda bango, sai na'ura mai matata biyu: HEPA mai kama ƙwayoyin hayaƙi, da gawayin tace iska mai kauri wanda ke riƙe iskoki masu wari. 'Yar fankar tebur mai siririn baƙin soso da ake sayarwa tana kawar da hayaƙi daga fuskarka, wannan gaskiya ne, amma yawancinsa yana ratsa soson ya dawo ɗakin. Matata kuma tana cika. In ka fara jin wari ta bayan na'urar, ko zuƙarta ta yi sanyi, lokacin sauyawa ya yi.

Takunkumin asibiti mai shuɗi da muka saba da shi lokacin korona ba ya tare wannan hayaƙin. N95 yana kama ƙwayoyin in ya zauna daram a fuska, amma iskokin suna wucewa, kuma mai gemu ba ya samun wannan zaman. Ga zafin Accra, ba wanda zai yini da shi. Ajiye shi don aikin lokaci-lokaci mai yawan hayaƙi, kada ya zama shi ne madogara.

Mataki na huɗu: abubuwan da ba a ɗora wa zafi

Wani hayaƙin ya fi na fulas muni nesa ba kusa ba. Kada ka feƙe waya da bakin ayan ko da ashana. Robar jikin yawancin wayoyin wuta PVC ce, in ta ƙone tana fitar da iskar asid mai shaƙe maƙogwaro. Ita ce dai ake ƙonawa a fili don a ciro tagulla, aikin da ya sa a 2013 aka lissafa Agbogbloshie cikin wurare goma mafi gurɓata a duniya, kafin hukuma ta rushe kasuwar a 2021. Abin feƙe waya ba shi da tsada.

Siririyar wayar naɗin koyil da ake ƙona fentinta da narkakkiyar soda, fentin nan sau da yawa foliyuretan ne, kuma hayaƙinsa yana ɗauke da sinadaran da su ma suke jawo asma. Kankare shi da reza, ko ka yi a bakin kwalin zuƙa. Wayar da aka rufe da Teflon in ta sha zafin da ya haura digiri 300 tana fitar da hayaƙi mai sa zazzaɓi kamar na mura bayan 'yan awanni, kuma yana kashe tsuntsaye da sauri, abin lura ga mai kiwon tattabaru ko aku a tsakar gida. Inda aka taɓa ɗiga sufa gulu kuwa, kankare shi tukuna. Wanda ya taɓa ɗora ayan a kai ya san yadda yake soka ido.

Wajen wanke bod, fetur da tina sun zama ruwan dare saboda araha. Fetur yana ɗauke da benzin, wanda aka tabbatar yana jawo kansar jini, tina kuma tana sa ciwon kai da jiri tana busar da fata. Yi amfani da sifirit na aisofurofil, wanda masu sayar da kayan gyara ke kira IPA. Shi ma yana kama wuta ko a zafin ɗaki, don haka zuba kaɗan a 'yar kwalba mai murfi, nesa da ayan da bulowa, ka bari bod ya bushe sarai kafin ka mayar masa da zafi. Gam ɗin liƙa sikirin irin su B-7000 ma a rufe bakinsa da an gama.

Mataki na biyar: koyi karanta wari

Ba kowane wari ne daga teburin aiki yake ba, wani saƙo ne cewa wani abu yana lalacewa. Ƙarni kamar na kifi a ɗakin da ba a dafa kifi ba, duba soket da filogi da abin ƙarin soket: roba ce ke dahuwa saboda waya ta saki ko kaya sun yi yawa. Kashe wuta daga babban makunni kafin ka taɓa. Cikin na'ura kuma, irin wannan ƙarnin yakan fito daga kafasita da ta kumbura ta zubar da ruwanta. Ƙaurin fenti mai ɗaci na nufin naɗin tiransifoma ko na mota ya ƙone. Wani wari mai kaifi kamar na bayan tsawa, tare da 'yar ƙara tsss, wuta ce ke tsalle a wani wuri.

Biyu ne ba a jira da su. Na farko warin ruɓaɓɓen ƙwai kusa da batirin inbata ko na mota. Tun shekarun dumsor, lokacin yawan ɗauke wuta, gidaje da shaguna da yawa suka ajiye irin waɗannan batura a ƙarƙashin tebur. Warin yana nufin caji ya wuce kima, batirin yana tafasa yana fitar da iska mai guba, tare da haidurojin wadda ba ta da wari amma tartsatsi ɗaya ya isa ta fashe. Buɗe ƙofa da taga, kashe cajar daga bango, kada ka zare kan batirin sai iska ta wanke wurin. In warin ya yi ƙarfi sannan ka ji kamar ya ɓace alhali ba a yi komai ba, fita, don wannan iskar tana kashe jin warin hanci in ta yi yawa.

Na biyu wani ƙamshi mai zaƙi kamar na abin goge farce daga batirin waya ko na laftof. Batirin litiyom ne ya huje ko ya kumbura. Kada ka matsa shi, kada ka zungure shi da ƙarfe, kada ka nufe shi da bulowa don gam ya saki. Ajiye bokitin ƙarfe da yashi a bakin ƙofa saboda irin wannan ranar. In ya fara hayaƙi, fitar da shi in da hali ba tare da ka sa hannu kai tsaye ba, kowa ya fita, kada a shaƙa, don hayaƙin yana ɗauke da asid mai ƙona huhu. In wuta ta fi ƙarfinku a kira 112 ko 192. Masu haɗa fawa bank da batura 18650 su guji daɗe da ayan a kan batirin.

Janareta kuma, abin da ke kisa a hayaƙinsa ba shi da wari ko kaɗan. Kada ya zauna a bakin ƙofar kontena ko a baranda kusa da taga. A nisanta shi kamar mita 6, bakin salansa ya kalli wani gefen.

Mataki na shida: hannu, baki da gida

Mu Hausawa ba sai an yi mana dogon bayani kan gubar dalma ba, mun ji abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinariya da ake daka a cikin gidaje. Na teburin soda bai kai wannan yawan ba, amma hanyar ɗaya ce, ƙura zuwa hannu zuwa baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma jikin ƙaramin yaro yana zuƙar ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba ke zuƙa. Tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, tana ratsawa daga mai ciki zuwa ɗan tayi.

Kada ka riƙe zaren soda da haƙori don hannu biyu sun cika. Kada a ci abinci a teburin aiki, kada a ɓare goro ko a ɗauki ƙosai da hannun da ya yini yana murza zare. Wanke hannu da sabulu da ruwa, har ƙarƙashin farce. Sanitaiza ƙwayoyin cuta take kashewa, ba ta cire dalma. Ga wani wuri da ba a cika lura da shi ba: alwala. An kira azahar, ka ajiye ayan ka ɗauki buta, da tafin hannun nan za ka kai ruwa baki ka kurkure, ka shaƙa a hanci. Sa sabulu tukuna, sannan ka fara alwalarka. Haka ma da azumi kafin ka kai dabino baki, don cikin da ba komai a cikinsa ya fi saurin zuƙar dalma.

Teburin a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, kada a share da tsintsiya ko a hure da baki. Burbushin soda da tsohon soson goge ayan a tara su a gwangwani mai murfi a ba masu sayen ƙarfe, kada a zuba a kwata. Rigar aiki ta kwana a shago. Mai yi a gida don sha'awa ya samu faranti ko falanki na musamman da akwati mai rufewa, kada ya yi a ɗakin da yara ke rarrafe, kuma kada ya yi a inda zai rufe ƙofa ya kwanta nan take.

Madara abinci ce mai kyau, ka sha in kana so. Ciki take tafiya, hayaƙi kuma huhu ya tafi, ba su haɗu a ko'ina ba.

In jiki ya fara magana

Alamun farko ba su da ban tsoro, shi ya sa ake raina su: ido yana ruwa, hanci yana toshewa ko yoyo kamar murar da ta ƙi ƙarewa, maƙogwaro yana ƙaiƙayi, ƙuraje a yatsu ko a wuya. Daga nan sai tari, da nauyin ƙirji, da numfashi mai fito. Sau da yawa ba a shago yake kama mutum ba, sai cikin dare bayan an tashi daga aiki, shi ya sa ake ɗora laifin a kan sanyin fanka ko ƙura. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: ina samun sauƙi ran Lahadi, ko in na yi tafiyar Sallah zuwa Kumasi ko Tamale, sannan abin ya dawo in na koma aiki? In amsar e ce, kada ka tsaya sayen maganin tari a kemis.

Wannan nauyi ne a kan masu shago musamman. Yaro ba zai ce "Masta, ƙirjina yana ciwo" ba, tsoro yake kada a ce masa rago. Kai ne za ka lura da wanda ke yawan tari, kuma kai ne ka san wanda aka ba aikin cire tsofaffin kaya da bulowa tun safe, wanda shi ne aiki mafi hayaƙi a shagon kuma kullum ƙaramin yaro ake tura wa. A riƙa karɓa-karɓa, a kuma tambayi sabon yaro tun ranar farko ko yana da asma.

Je asibiti mafi kusa, kamar na Maamobi, in abin ya buƙaci ƙwararru za su tura ka sashen ƙirji na Korle Bu. Faɗa wa likita sana'arka dalla-dalla, ka tafi da gwangwanin fulas ɗin ko hotonsa, ka faɗi awa nawa kake yi da kuma ranakun da kake samun sauƙi. Yana iya ba ka 'yar na'urar hurawa mai auna ƙarfin numfashi, ka riƙa rubuta lambar sau da yawa a yini na wasu makonni, ranakun aiki da na hutu, don a ga bambancin. Wanda ya daɗe yana aiki da zare mai dalma, ko yake da ƙananan yara da ke zama a shagon, ya nemi a auna dalmar jini. In kuwa numfashi ya toshe har mutum ba ya iya ƙarasa magana, ko leɓensa ya sauya launi, a fitar da shi iska a zaunar da shi a miƙe, a ba shi abin shaƙarsa in yana da shi, a nufi asibiti nan take.